Ranar Da Rana Ta Yi Daɗi Ita Ce Abin Tsoro A Kan Tsauni

Hausawa kan ce ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wanda bai san ƙasashen sanyi ba zai ɗauka cewa ranar tsananin hunturu ce kaɗai ke halaka masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Alhali kuwa ranar da iska ta yi ɗumi, gari ya waye garau, ita ma tana ɗauke da ajalin mutane da yawa, musamman waɗanda ke barin filayen da ake kula da su, su kutsa cikin tsaunukan da babu mai gadi.

Dalili shi ne, dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kowane zubi da irin ƙarfinsa. Idan ɗumi ya shigo, ko ruwan sama ya sauka a kanta, sai ruwa ya tsiyaya ciki ya narkar da abin da ke riƙe ƙwayoyinta, ga kuma ƙarin nauyi. Da zarar hawa mai rauni ya kasa ɗaukar na samansa, sai falle guda ya ɓalle ya gangaro. Hakan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45.

Mutanen Wellington ta Jihar Washinton a Amurka sun ga haka a 1910. Bayan kwanaki ana zubar dusa, sai ta juye ruwan sama da iska mai ɗumi. A daren 1 ga Maris tsaunin ya zaftare, ya yi awon gaba da jiragen ƙasa biyu, mutum 96 suka rasu.

Tun daga lokacin ilimi ya ƙaru. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan tana fitar da gargaɗi kullum a lokacin hunturu, kuma tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari mai mataki biyar. Abin mamaki, an fi mutuwa a mataki na uku, domin a na huɗu da na biyar tsoro kan zaunar da mutane a gida. Galibin waɗanda abin ke rutsawa da su kuwa, su ne ko abokan tafiyarsu ke tayar da zaftarewar.

Ƙa'idar masana ba ta da wuya: idan dusar ta daskare cikin dare, a fita da asuba a sauko kafin rana ta take. Idan ba ta daskare ba, ko ƙafa na nutsewa cikin dusa mai jiƙe, a haƙura. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yakan rayu, amma bayan rabin sa'a fata ta ragu ƙwarai, kuma da wuya jirgin ceto ya iso kafin nan.

Ganin yadda hunturun tsaunukan Alps ke ƙara ɗumi, irin waɗannan ranaku masu ruɗi sai daɗa yawa suke yi. Gwani a nan shi ne wanda ya iso gindin tsauni, ya duba, ya juya gida.