AGOGO MAI WANI: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

Dattawan Giyaɗe da Azare ba su manta da zamanin da agogon hannu ya ke cikin manyan tsarabar alhazai ba. A lokacin, malamin makaranta ko ma'aikacin En'e ba ya jin ya kimtsa sai ya ɗaura nasa. Da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogo mai batir a 1969, sai irin na wani ya fara ja da baya, daga bisani wayar hannu ta ƙara durƙusar da shi. Amma har yau akwai masu sha'awarsa, don kuwa ba ya bukatar batir ko caji, kuma in an kula da shi, ɗa ya kan gaje shi daga uba.

Agogon nan iri biyu ne. Akwai wanda a ke yi wa wani da hannu kowace safiya, akwai kuma wanda motsin hannu ke yi masa wani da kansa. Cikin na biyun, Seiko 5 ya yi suna ƙwarai. An fara ƙera shi a 1963, yana nuna rana da kwanan wata, ga shi da jure wahala. Mai son abin da ba kowa ke da shi ba, sai ya dubi Orient na Japan, ko Vostok Amphibia na Rasha wanda aka fito da shi a 1967 domin masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, ko HMT na Indiya. Sai dai a sani, HMT ya rufe sashensa na agogo a 2016, kuma da yawa daga cikin masu ɗauke da sunansa tsofaffi ne da aka harhaɗa, aka sake wa fuskar fenti.

A nan ne fa a ke cutar mai saye, don masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kada kyan fuska ya ruɗe ka. Ka dubi sandar daƙiƙa: ta mai wani tafiya ta ke yi sumul, ta mai batir kuwa tsalle ɗai-ɗai. Ka tafi da mai gyaran agogo ya buɗe bayansa, ya duba ko sunan da ke kan injin ya dace da na fuska, ko da tsatsa a ciki. Ka nemi a bar maka shi kwana ɗaya. Lafiyayyen Seiko 5 da ya sha wani ya kan yi kusan awa 40 a ajiye bai tsaya ba, kuma ba ya saɓa lokaci da minti guda a yini.

Babbar shawara ita ce, ka sayi wanda za a iya gyara maka a Azare, ko a kalla a samo kayansa a Kano. Agogon da babu mai taɓa shi, kome kyansa, ranar da ya tsaya kuɗinka ya tsaya.

In ka saya, ka kiyaye shi daga ƙurar hunturu, kada ka ajiye shi kan rediyo ko lasifika saboda maganaɗisu, kuma ka kai shi wanki da mai bayan 'yan shekaru. Yin haka ne zai sa ya ci gaba da amsa kirarinsa na sarkin aiki.