Wayewar Kai da Himmar Koyon Turanci a Tsakanin Ɗaliban Jami'a na Wurno da Rabah da Goronyo

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu nuna cewa kwaɗayin samun aiki kaɗai bai isa ya ɗorar da ɗalibi a kan koyon Turanci ba, sai an haɗa masa da sanin haƙƙinsa da na jama'arsa.

Abin da ke fara tura yaron Wurno ko Goronyo ga Turanci shi ne tilas. Hukumar JAMB ta wajabta jarrabawarsa a kan duk mai neman shiga jami'a. In ya sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, sai hankalinsa ya koma ga takardar neman aiki da ganawar ɗaukar ma'aikata. Mun lura a azuzuwanmu cewa irin wannan himma ba ta cika wuce hadda ba, kuma takan dushe da zarar takardar shaida ta shiga hannu.

Akwai dalili na biyu wanda ya fi wancan ƙarko. Da Turanci aka rubuta Tsarin Mulkin 1999, haka nan kasafin kuɗin gwamnati da takardun kwangila. Manoman fadamar Rima, waɗanda ambaliyar 2010 ta cinye wa gonaki a yankin Goronyo, suna bukatar ɗan gari wanda zai karanta musu sanarwar hukuma, ya kuma rubuta kokensu yadda za a saurare shi. Ɗalibin da ya gane cewa wannan nauyi yana wuyansa ba ya jiran sai an kora shi ga littafi.

Tarihin yankin ya ishe mu misali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka rufe a Wurno a 1837, ya yi wallafe-wallafensa da Larabci, harshen mulkin zamaninsa. Sardauna Ahmadu Bello kuwa, haifaffen Rabah, ya ƙware a Turanci a Kwalejin Katsina, ya zama hakimin Rabah a 1934, daga baya ya yi amfani da harshen wajen kare bukatun Arewa a tarurrukan tsarin mulki na Landan, ba tare da ya yar da Hausarsa ba.

Saboda haka muna ba malamai shawara su riƙa kawo ainihin takardun hukuma cikin aji, su sa ɗalibai su fassara su zuwa Hausa, su kuma rubuta amsarsu da Turanci. Ta haka ɗalibi zai sami abin neman abinci, garinsu kuma ya sami mai magana da yawunsa.