Ba Wasa Nas Take Yi da Waya Ba

A hunturun bara matar wani maƙwabcina ta kai ziyara wurin danginta a ƙasar Burkina Faso, da ɗanta mai wata goma a goye. Kwana uku da saukarsu yaron ya kama tari da zazzaɓi, aka kai shi ƙaramin asibitin ƙauyen. Da ta komo nan zango sai ta yi ta ba mata labari cikin fushi, wai an kawo wa nas yaro ba lafiya, ita kuwa sai latse-latsen wata faffaɗar waya take yi. Ta ɗage rigar yaro ta zura wa ƙirjinsa ido, ƙarshe ko allura ba ta yi masa ba, sai 'yan ƙwayoyin da ake narkawa a ruwa.

To, 'yan'uwa, wannan nas ɗin aikinta ta yi, kuma ta yi shi daidai.

Abin da take nema shi ne sanyin haƙarƙari, watau ciwon da likitoci ke kira nimoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga huhu, ruwa da mugunya su cika 'yan jakunkunan da iska ke shiga, sai yaro ya dinga numfashi da sauri domin iskar ba ta isarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai ciwon ya kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar. Wahalar ita ce a kwanakin farko yana kama da mura. Abin da ke raba su kuwa ƙirge ne: a ƙirga numfashin yaro har minti ɗaya cur, yana natse ba ya kuka. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40.

Tun tsakiyar shekarun 1990 hukumar nan da UNICEF suka tsara littafin duba yara marasa lafiya mai ɗauke da waɗannan ƙa'idodi. Littafin ba shi da laifi. Amma ni malamin makaranta ne, na san yadda mutum yake in aiki ya yi masa yawa: ranar da littattafai sittin ke gabana, ba kowane layi nake karantawa ba. Haka nas mai mata arba'in a kan benci takan tsallake tambaya, ko ta dubi yaro ta kintata numfashinsa da ido.

Wannan tsallaken ne aka yi wayar domin a toshe shi. Wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Terre des hommes, tare da ma'aikatar lafiya ta Burkina Faso, suka zuba littafin nan cikin wayar mai kama da allon ɗalibi, aka shiga baza ta a ƙananan asibitoci daga 2014, kafin ƙarshen 2021 kuwa sun wuce dubu. Allon yana yi wa nas tambayoyi bi da bi. Yaron yana iya sha ko kama nono? Yana amayar da duk abin da ya ci? Ya yi taune-taune? Numfashi nawa a minti? Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska? In ta gama cikawa, sai ya nuna mata ajin ciwon, da maganin da ya dace, da yawansa bisa nauyin yaro, ko kuma ya ce a garzaya babban asibiti.

Masana daga makarantar nazarin cututtuka ta Landan sun bi aikin suka buga sakamako a 2021. Inda babu allon, kashi 54 cikin 100 na matakan duba yaro ake cikawa. Inda akwai shi, kashi 79. Sai dai wajen rubuta magani daidai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Lalle allo ba ya kawo maganin da babu shi a kanta, ba ya kuma zuba wa motar asibiti mai. Ƙirgen ma idon mutum ne ke yinsa. In an ba allo lissafin ƙarya, amsar ƙarya zai mayar.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yaro a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini. In ta nuna ƙasa da 90, yaron na bukatar ƙarin iska a babban asibiti ko da idonsa biyu. Ita ma ba a sakankancewa da ita, gama a 2020 an gano a Amurka cewa takan nuna wa baƙar fata lamba fiye da gaskiya.

Mu nan Gana tun 2012 ake yi wa jarirai rigakafin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin ciwon nan, kyauta, a ranar awo. Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta fara biyawa ta wurin mai kemis a sayo ruwan maganin tari, a yi kwana huɗu ana jira, sa'an nan a raina duk ma'aikacin da bai soki yaro da allura ba. Ƙwayar amoxicillin da ake narkawa ita ce hukumar lafiya ta sa a gaba tun 2014, muddin an shanye ta har iyakar kwanakin da aka faɗa.

Na zauna na yi wa maƙwabcina wannan bayani, na kuma nuna masa yadda zai ƙirga numfashin ɗansa da agogon wayarsa lokacin da yaron ke barci. Ya gwada a gabana, ya sami 36. Uwar ɗakin nasa dai har yanzu cewa take da an yi allura da yaron ya fi saurin warkewa.