Itacen Turare Tsakanin Gishiri da Gobara a Ostireliya

Masu binciken gandun daji a Ostireliya sun daɗe suna fama da matsaloli biyu da suka haɗu a kan itace guda: gishirin da ke kashe gonaki, da wutar daji. Itacen kuwa shi ne turare, wanda asalinsa daga can ne, kuma nau'insa da ake kira Eucalyptus camaldulensis shi aka dasa a shingayen kare iska na Kano da Jigawa.

Matsalar gishiri ta samo asali ne daga sare daji. A Yammacin Ostireliya, ƙasa na ɗauke da gishirin da iska da ruwan sama suka kawo daga teku tsawon dubban shekaru. Itatuwan asali masu dogayen saiwoyi suna shanye kusan duk ruwan da ya sauka, don haka gishirin ya yi zamansa a can ƙasa. Da aka sare su aka shuka alkama, wadda saiwarta gajera ce kuma 'yan watanni take yi, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa hawa yana narkar da gishirin, har ya iso sama. Rana ta busar da ruwan, fili ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, shuka ta ƙone a tsaye. Wani injiniyan jirgin ƙasa, W. E. Wood, ya bayyana wannan alaƙa tun 1924, bayan an lura cewa ruwan da ake zuba wa injinan jirgi yana ƙara gishiri a wuraren da aka share daji. An daɗe ba a saurare shi ba.

Maganin da bincike ya fi karkata gare shi shi ne mayar da itatuwa masu jure gishiri don su sake janye ruwan. Hukumar bincike ta ƙasar, CSIRO, da ma'aikatun jihohi sun gwada nau'o'i da dama. Ana shayar da 'yan tsiro ruwan gishiri a hankali a ga wanda zai rayu, sannan a kai su fili. Abin lura shi ne jure gishiri kaɗai bai isa ba, domin irin wannan ƙasa takan jiƙe sharkaf, saiwa ta rasa iska. Camaldulensis da Eucalyptus occidentalis da Casuarina obesa na cikin waɗanda suka yi fice.

Sai dai turare abokin wuta ne. Ganyensa na da mai, busasshen ganye da ɓawo suna taruwa a gindinsa, kuma ɓawon wasu nau'o'in kan tashi da wuta a jikinsa, iska ta kai shi kilomita da yawa ya kunna sabuwar gobara. A shekarun 1960 wani mai bincike, A. G. McArthur, ya tsara ma'aunin haɗarin gobara da ke haɗa zafi, laimar iska, ƙarfin iska da tsawon fari. A ranar 7 ga Fabrairun 2009 alƙaluman ma'aunin sun zarce iyakar da aka tsara shi a kai, kuma gobara ta hallaka mutum 173 a jihar Biktoriya.

Saboda haka ake dasa itatuwan a layi-layi da tazara, nesa da gidaje, ana rage shara a gindinsu da kiwo ko ƙuna da gangan lokacin sanyi. A wuraren da gishiri ya yi tsanani kuwa, manoma sun fi dasa wani gajeren tsiro mai suna Atriplex nummularia, wanda tumaki ke ci, kuma ganyensa mai gishiri ba ya saurin kama wuta.