Ciwon Kan da Ƙwaya Ke Ƙara wa Ƙarfi

A Matamaye, ko ɗan kabu-kabun da ya wuni cikin rana ne ko manomin rake da ya sha sunkuyo a fadama, idan ya ce kansa na ciwo ka tambaye shi yaya ciwon yake. Galibi zai ce kamar an naɗa masa rawani an tamke, daga goshi har ƙeya, wuya da kafaɗu sun yi nauyi. Wannan shi ne ciwon kan gajiya da damuwa, wanda ya fi kowane iri yawa a duniya. Yana matse ɓangarorin kai biyu, ba ya sa amai, tafiya ba ta tsananta shi, kuma yakan ɗauki daga minti 30 zuwa 'yan kwanaki.

Masu tayar da shi sanannu ne: ƙarancin barci, ƙishirwa, tsallake abinci, tunanin bashi ko na cefane, dakon kaya a ka, da duƙar da wuya kan waya har tsakar dare. Wanda ya saba da shayi mai kauri ma, ranar da bai samu ba kansa zai ba shi labari, kamar yadda ake gani a farkon azumi.

Inda muke cutar kanmu shi ne wajen ƙwaya. Kai na sarawa sai a kira mai tallar magani a faranti, wanda kayansa suka wuni suna gasuwa a rana, a afa biyu. Gobe ma haka. To, likitoci sun tabbatar cewa mai shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata 3, maganin da kansa yakan koma haddasa masa ciwon. Ga tiramol kuwa, kwana 10 a wata sun isa. Mutum yana farkawa da ciwo, ya sha, ya lafa, ya dawo, shi kuma yana zargin iska ko sammu. Farasitamol yana da amfani idan jefi-jefi ne, amma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana guda, don hanta ce ke biyan bashin. Mai gyambon ciki ko juna biyu kada ya taɓa ibufurofen sai da izinin likita.

Kafin ƙwaya, a sha ruwa, a ci wani abu, a kwanta a inuwa, a murza ƙeya da kafaɗu ko a gasa su da tsumma mai ɗumi. Sau da yawa iyakar abin ke nan.

Sai dai ba kowane ciwon kai ake yi wa wannan haƙurin ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Matamaye na cikin yankunan da abin ya shafa. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin hunturu da bazara, na gaggawa ne. Haka wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ko ya zo da karkacewar baki ko mutuwar hannu. Mai ciki da ke ganin hazo-hazo, fuska da hannaye sun kumbura, a kai ta asibiti a auna jininta nan take, ko da tsakar dare ne.