Yadda Ake Huda Ƙarfe Ba a Ƙona Mahuji Ba

Yawancin mahujin da ake jefarwa a ce jabu ne, zafi ne ya kashe shi, kuma zafin daga hannun mai aiki ya fito. Amma bari mu fara da zaɓe, domin akwai wanda tun a kasuwa yake yin kuskure.

Mahujin kankare yana da ɗan faffaɗan kai kamar kibiya, na katako kuma yana da tsini a tsakiya. Duka biyun ba su da aiki a jikin ƙarfe. Wanda ake nema shi ne mai rubutun HSS a gindinsa. Ya isa ga ƙarfen ƙofa da taga da alminiyam. Idan ƙarfen da ba ya tsatsa ne, sai a nemi mai haɗin kobal, wato M35 mai kashi 5 cikin ɗari ko M42 mai kashi 8, domin sun fi jure zafi. Kada ruwan gwal ɗin da ke jikin wani mahujin ya ruɗe ka: shafe ne kawai a sama, da an wasa bakin ya tafi. Kobal kuwa a cikin ƙarfen yake, ko an wasa yana nan. Dubi bakin ma. Mai kusurwa digiri 118 shi ne gama-gari, mai 135 ya fi kama ƙarfe mai tauri ba tare da zamewa ba.

Kafin ka kunna inji, ɗaure ƙarfen tam a kan teburi. Kada ka riƙe falle da hannu, don in mahuji ya cije, fallen zai juya ya yanke ka kamar wuƙa. Sa tabarau, amma cire safar hannu, domin inji na iya naɗe ta. Sai ka ɗora tsinin ƙusa mai tauri a inda za ka huda, ka buga da guduma ya yi ɗan gurbi. Ramin milimita 10 ko 12 kake so? Fara da na milimita 4, sannan ka bi da babban.

Ga inda aikin yake. Girman mahuji shi ke yanke gudun inji: babba a hankali, ƙarami da sauri. A ƙarfe na yau da kullum, milimita 6 yana son juyi wajen 1,300 a minti, milimita 12 kuwa rabin haka. A ƙarfen da ba ya tsatsa, sake rage rabi, kuma ka danna da nauyi. Wannan ƙarfen yana da hali: in mahuji ya tsaya yana goga bai ci ba, wurin sai ya ƙara tauri, daga nan ko sabo ka sa sai ya sha wahala. Ɗiga mai a kai a kai. Alminiyam ya fi son kananzir, ƙarfen zubi kuma a bushe ake huda shi.

Ɓarbashin da ke fitowa shi zai gaya maka gaskiya. In yana murɗowa dogo, aiki na tafiya. In gari ne ga ƙara mai tsini, bakin ya dakushe ko gudu ya yi yawa. In bakin ya koma shuɗi, ka tsaya ya huce. Da ka ji ya kusa ɓullewa, sassauta hannu, don a nan ƙananan suka fi karyewa.