Tsiren Maigida da Tukunyar Gida

Duk ranar Alhamis kasuwar Shinkafi na cika da shanu da tumaki da awaki, kuma da yamma ta yi, hayaƙin masu tsire da balangu ke tashi daga Kaura Namoda har Zurmi. A ƙasar da kiwo ke da irin wannan tushe, batun illar nama ba ya shiga kunne da sauƙi. Amma a Oktoban 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan nazarin bincike sama da 800, ta bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi domin ya daɗe yana haddasa ciwon dajin babban hanji. Cin giram 50 a kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa, wato na shanu da tumaki da awaki da raƙuma, ta ce akwai yiwuwa mai ƙarfi shi ma yana jawo shi. Kilishi, da ake shanyawa a tsoma a gishiri da yaji sannan a gasa, ya shiga sahun farko. Tsire kuma matsalarsa wuta ce: kitsen da ke ɗiga kan garwashi yana tayar da hayaƙi mai sinadarai masu cutarwa, su manne wa naman, musamman gefen da ya ƙone. Gishiri da dunƙulen da ake zambaɗawa su ma abokan hawan jini ne.

Wani zai ce kakanninmu sun ci nama sun tsufa lafiya. Sun ci, amma da Sallah da suna da ranar kasuwa. Sauran ranaku gero ne da wake da kuka, ga wahalar gona. Mai zaman shago da ke tsayawa wurin mai tsire kowane dare ba halinsu ɗaya ba. Wani kuma zai ce ana tsoratar da mutane ne kawai. Gaskiya ne haɗarin nama bai kama ƙafar na taba sigari ba, shi ya sa ba a ce a daina ba, ragewa aka ce: kada jan nama dafaffe ya wuce rabin kilo a mako.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce yawancin gidajenmu rashin nama ke damunsu. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi na fama da tamowa. Nama na ƙara jini, yana gina jiki, kuma masu ciki da ƙananan yara ne suka fi bukatarsa. Ke nan a gida ɗaya ana iya samun mai cin da ya wuce kima a waje da masu rashi a ciki. Maigida, kuɗin tsiren daren nan ka kai wa mahauci, a jefa naman a miya, iyali duka su ci.